Wata Huɗu da Suka Rage

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wannan ɗan lokaci.

Saboda baƙi, sunana Hannatu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Dutsin-Ma. Maigidana Ishaya, wanda kuka fi sani da Baban Alheri, mutumin Kurfi ne. Kun ji labari an ba mu takardar zaman dindindin a Kanada, wasunku har gida kuka zo taya mu murna. Abin da ba ku sani ba shi ne, ni da bakina na kusa rushe abin gaba ɗaya. Shaidar da na tashi in bayar ke nan.

Baban Alheri ya yi shekara tara yana aikin malamin gona a ƙauyukan Kurfi. Kullum yana kan babur, yau Birchi, gobe wani ƙauyen. Daga baya Allah ya buɗe masa hanya, ya samu aiki a wata gonar shanun madara a Kanada, cikin wani ɗan ƙaramin gari mai nisa da birni. Bizar aiki aka ba shi, shi kaɗai, kuma mai ƙarewa ce.

Kafin ya tafi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce ƙasar larduna gare ta, kuma kowane lardi yana iya zaɓar baƙin da suka yi masa aiki, ya miƙa sunayensu ga gwamnatin ƙasa don a ba su zama na dindindin tare da iyalansu. Sharaɗin da aka gaya masa shi ne ya zauna a wannan lardin, ya cika lokacin da aka ɗiba yana aiki ba yankewa, mai gonar kuma ta rubuta masa shaida. In ya bar lardin kafin lokacin, duk abin da ya tara ya tashi a banza.

Na ce na gane. Har addu'a muka yi a kai.

Ranar da ya fara kirana ta bidiyo daga wurin aiki, raina ya ɓaci. Na gan shi cikin takalmin roba, kashin shanu har idon sawu, yana riƙe da shebur, yana ta murmushi yana nuna mini garken. Mutumin da manoma ke tashi tsaye su gaishe shi, su ce masa Malam, shi ne ke kwasar kashin shanu a ƙasar mutane. Na yi dariyar dole, muka gama magana.

Lahadin da ta biyo baya, a ƙofar wannan majami'ar, Maman zumunta, shugabar matan ikilisiya, ta tambaye ni wane irin aiki ya samu. Na ce, "Kamfanin noma ne, Mama, yana ofis." Maganar ta fito da sauƙi. Daga ranar, duk wanda ya tambaya, amsar da nake ba shi ke nan.

Ina da wa a can, Yaya Bulus, yana zaune a babban birni a wani lardin daban. Shi kullum hotunansa a gaban dogayen gine-gine ne, da rigar sanyi mai kyau. Wata rana ya kira ni ya ce, "Hannatu, me mijinki yake yi a daji? Ki ce masa ya taho nan, in sama masa aikin kai kaya a mota. Aiki mai tsabta, mutum ya yi wanka ya fita."

Na ce, "To, maganar takarda fa, Yaya?"

Ya ce, "Takarda ai kowa na samu. A hankali ake bi."

Abin da nake so in ji ke nan, sai na riƙe shi. Na fara yi wa Baban Alheri maganar, da farko cikin wasa, daga baya kullum. Yakan kira ni bayan na taso daga makaranta, lokacin a can safiya ce, ya gama tatsar farko. Maimakon in tambaye shi lafiyarsa, sai in ce, "Ka yi magana da Yaya Bulus?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Maman Alheri, ki yi haƙuri, mun ci rabin hanya."

Ana cikin haka ɗiyarmu Alheri ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Kwana biyar muka yi a asibiti. Ni ce jinya, ni ce sayen magani, ni ce zuwa neman izini wurin shugaban makaranta. Allah ya tashe ta, amma na fito daga asibitin da zuciya cike da ɗaci. Ranar da aka sallame mu ya kira, yana ta godiya ga Allah, ya ce mini saura wata huɗu kawai ya cika lokacinsa.

Na ce masa, "Wata huɗu ko shekara huɗu, ni na gaji. Ka zaɓa, ko ni ko shanun nan. In ba ka koma wurin Yaya Bulus ba, kada ka sake kirana."

Na kashe wayar. Kwana goma sha ɗaya yana kira ban ɗauka ba. A cikin kwanakin nan na zo sujada sau biyu, na tsaya a can cikin mawaƙa, na ɗaga hannu na yi waƙa. Ba wanda ya san abin da ke cikina.

A rana ta goma sha biyu, ranar kasuwar Kurfi ce kuma muna hutu, na tafi kai wa surukata maganin ciwon gwiwa. Inna muke ce mata. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai a gidan. Bayan mun gaisa ta ce in raka ta kasuwa ta auno gero. Muka tsaya a rumfar Alhaji Mamman, wani mai sayar da hatsi da dabbobi, wanda suka saba da Baban Alheri tun yana malamin gona.

Da Alhaji ya gan ni sai ya washe baki. Ya ce, "A'a, matar Malam, sannu da zuwa. Ya makiyayin namu na Turai?"

Na ce, "Alhaji, wane makiyayi?"

Ya ce, "Malam Ishaya mana. Ai muna waya. Kwanaki wata saniyarsu haihuwa ta zo mata da gardama, likita na nesa, ya tuna yadda muka yi da tawa a Birchi, ya kira ni na ƙara tuna mashi. Aka samu ɗan maraƙi lafiya lau. Ya ce shanu sun fi ɗari a hannunshi, kuma mai gonar ba ta yarda kowa ya taɓa mara lafiya sai shi. Na ce to, Malam, ka fidda mu kunya."

Yana faɗa yana auna gero, ko a jikinsa. Mutanen da ke rumfar suka yi ta sa albarka. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Abin da na yi fiye da shekara ina ɓoyewa, ashe shi mai aikin bai taɓa ɓoye shi ga kowa ba. A Kurfi abin alfahari ne ma.

Muka koma gida. Inna ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafarta. Sannan ta ce, "Ɗiyata, shekaranjiya ya kira ni ta wayar maƙwabta. Ya ce zai ajiye aikin ya tafi wurin wanki Bulus. Ya ce, Inna, takarda ba ta kai aurena ba."

Na ce, "Me kika ce masa, Inna?"

Ta ce, "Me zan ce? Ni ba ni shiga tsakanin miji da mata. Na dai gaya wa Ubangiji." Sai ta ƙara da cewa, "Abu guda nake so in tambaye ki, don ni ban san ƙasar ba. Birnin nan da zai koma, ya fi kusa da Dutsin-Ma ne?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba, so take ta sani. Duk kwanakin nan ina gaya wa kaina kewarsa ce ke damuna, da wahalar riƙon yarinya ni kaɗai. Gaskiya ne ina kewarsa, kuma na sha wahala. Amma ko ya koma birni, ba zai matso kusa da ni da taku ɗaya ba. Hasali ma hanyar da za ta haɗa mu ce zai toshe. Abin da nake nema shi ne hoton mijina da kaya masu tsabta, wanda zan nuna wa mutane.

Na durƙusa a kan tabarmar nan. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, girman kai ne, na gani. Na raina abin da ka ba mu. Na yi ƙarya a ƙofar gidanka. Ka gafarta mini, kuma in da sauran dama, kada ka bar wautata ta cinye wahalar bawan nan naka." Inna ta ɗora hannunta a kaina tana cewa amin. Na yi kuka sosai. Da na ɗago, wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka, ko da yake ban san ko na makara ba.

Na ɗauko waya, caji ya ƙare. Maƙwabcin Inna mai wayar yana gona. Na yi sallama na nufi tasha. Motar Dutsin-Ma saura mutum uku ta cika, na zauna ina ƙirga masu wucewa, ina roƙon Allah a zuciyata. Da ƙyar direban ya tashi, shi ma don ba ya so la'asar ta yi masa a hanya. Na iso gida babu wuta, na wuce shagon masu caji, na tsaya a nan bakin titi har wayar ta kawo.

Bugu ɗaya ya ɗauka. Ya ce, "Maman Alheri." Muryarsa a gajiye.

Na ce, "Kada ka bar aikin. Don Allah ka yafe mini. Kada ka bari."

Sai ya ce, "Jiya na miƙa takardar ajiye aiki."

Na dafa bencin shagon.

Ya ce, "Amma tsohuwar ba ta buɗe ba." Mai gonar yake nufi, wata dattijuwa ce da ke riƙe da gonar ita da ɗanta. "Ta dube ni, ta sa takardar a aljihun rigarta, ta ce ba za ta karanta ba sai ranar Litinin. Ta ce in je in yi magana da matata tukuna. Na ce mata matata ba ta ɗaukar waya. Ta ce in ci gaba da kira."

'Yan'uwa, matar nan ba ta san ni ba, ban san ta ba. Wa ya sa ta riƙe takardar ba ta buɗe ba? Ni dai na san amsa. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

A ranar ya je ya karɓo takardarsa, ya yaga.

Ba zan ce muku daga nan komai ya zo da sauƙi ba. Wata huɗun nan a tsakiyar sanyinsu suka faɗo, hannuwansa duk suka tsattsage. Ya cika lokacinsa, dattijuwar ta rubuta masa shaida mai kyau, ya miƙa takardu. Muka jira. Lardin ya zaɓe shi ya tura sunansa gaba. Muka sake jira, wannan karon ya fi tsawo, ga gwajin lafiya, ga takardun da ake cewa a sake turowa. Akwai ranakun da tsohon halina ya so ya dawo. Amma na koyi in ya kira in fara da, "Ya aiki? Ya shanun?" Har sunayen wasu daga cikinsu na sani yanzu.

Yaya Bulus kuwa har yau yana fama, bizarsa ta kusa ƙarewa kuma bai samu mafita ba. Ba don in kushe shi na faɗa ba. Da zuciya ɗaya ya ba ni shawara, abin da ya sani ke nan. Ku sa shi a addu'a.

Maman zumunta, da duk wanda na taɓa ce wa maigidana yana ofis, ƙarya na yi muku. Kiwon shanu yake yi, kuma ta wannan aikin Allah ya buɗe mana ƙofa. Ku yafe mini.

Nan da 'yan makonni ni da Alheri za mu tafi. Ina murna, amma ba murna kaɗai ba ce a zuciyata. A nan aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura mini aure. Kuma Inna ba za ta bi mu ba. Na tambaye ta ko tana jin haushin za a bar ta. Ta ce, "Ku tafi ku zauna wuri guda, shi ne nawa hutun. Wanda ya riƙe ni tun mutuwar babansu bai gaji ba." Duk da haka ina roƙonku, wanda hanya ta bi da shi Kurfi, ya leƙa ya gaishe ta. Tana son baƙi, kuma ba za ta bar ku ku fito ba ku ci komai ba.

In akwai wani a nan da Allah ya ajiye a wurin da yake ganin bai kai matsayinsa ba, ko wata da ke jin kunyar aikin mijinta, kada ku yi gaggawa irin tawa. Ku kai wa Yesu maganar kafin ku kai wa kowa. Ku dogara gare shi. Ni na ba da umurnin rushe gidana da bakina, shi kuwa ya tsare mini shi har na dawo cikin hankalina.

Na gode wa Allah. Na gode muku da kuka saurare ni. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.