Nonona a Roni, Ɗana a Kazaure

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu. Iyayena mata, ku yi mini haƙuri in tsaya ina dafe da benci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu, matar Malam Ishaku mai koyarwa a firamare nan Kazaure. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a wajen Roni. Wancan da ke cinyar Mama Saratu, dattijuwar da ke taya ni raino, shi ne Dauda, ɗanmu na fari, wanda muka daɗe muna roƙo.

Da hutun haihuwata ya ƙare, na ɗauka komawa aiki abu ne mai sauƙi. Ashe ban san komai ba. Ba zan iya shiga da shi asibiti ba, domin lokacin ƙyanda ne, ɗakin jira cike da yara masu tari da zazzaɓi. Sai nake barin sa wurin Mama Saratu tun da sassafe, in hau acaɓa, ba na dawowa sai bayan la'asar.

Yaron nan ya ƙi bulumboti, kwalbar nan ta ba jarirai madara. Ƙememe! Mun canza madara, mun gwada cokali, sai ya tofar ya yi ta tsala ihu har muryarsa ta dishe. Kullum in na dawo sai in tarar da Mama Saratu tana zagaye tsakar gida da shi, ta ce, "'Yata, yau ma bai sha komai ba." Wuyansa ya fara tsawo, idanunsa suka faɗa.

Ni kuwa a can ina zaune ina ce wa matan ƙauye, "Nono zalla har wata shida, kada ku ba shi ko ruwa." Ina faɗa, gaban rigata yana jiƙewa. Kunya kamar in nutse.

Na je wurin mai kula da asibitin, na durƙusa na ce, "Yallaɓai, a taimake ni in riƙa tashi da azahar, ko na ɗan lokaci ne." Mutumin kirki ne, ba na zagin sa. Ya ce, "Malama Rifkatu, aikin gwamnati ba shi da rabin rana. In na yi miki, gobe kowa zai zo." Na koma, na sake komawa, har ya fara kauce mini in ya hango ni.

Maigidana ya ce in ajiye aikin kawai. Na ce to, in ajiye mu ci me? Muka yi faɗa irin wanda ba mu taɓa yi ba. Gaskiya na gaji, 'yan'uwa. Littafi Mai Tsarki ma in na buɗe, barci ke kwashe ni.

Wata rana da tsakar rana ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse. Na zagaya bayan asibiti, na tsuguna gindin katanga ina tatsar nonona a ƙasa. Ina kallo ƙasa tana shanyewa, ɗana yana can da yunwa. Nan na fashe da kuka. Addu'ar da na yi ba mai ladabi ba ce. Na ce, "Ubangiji, kai ka ba ni yaron, kai ka ba ni nonon. Don me ka raba su? Ni dabarata ta ƙare, ka yi yadda ka ga dama."

Ina share fuska sai ga Hajiya Binta, babbar ungozomarmu, ta zo alwala da butarta. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Subhanallahi! Maman Dauda, abincin yaro kike zubarwa?" Na gaya mata komai. Sai ta ce, "Ke, maigidanki yaushe yake tashi daga makaranta?" Na ce da azahar. Ta ce, "To azumi ya ƙarato. Duk cikinmu ba mai son aikin yamma, kowa na so ta koma gida ta yi girkin buɗa baki, har mun fara harare-harare a kai. Ki karɓe mana yamma, mu riƙe miki safiya. Shi kuma Malam ya kawo ku a babur, ya zauna da yaron a waje."

Ita ta ja hannuna har gaban yallaɓai. Wannan karon bai ce a'a ba, har ajiyar zuciya ya yi, don an sauke masa rigima. Halleluya!

Haka muke yi har yau. Da safe ina gida da ɗana. Da yamma Malam Ishaku yana zaune a ƙarƙashin darbejiya, nesa da ɗakin jira, yana duba littattafan ɗalibai, Dauda a kan cinyarsa. In ya yi kuka, sai in wanke hannu in fito in ba shi. 'Yan acaɓa suna tsokanarsa, "Malam mai raino, ina zanen goyo?" Sai ya yi dariya, amma na san abin yana masa nauyi. Baban Dauda, na gode maka a gaban jama'a.

Salla ta wuce, ba wadda ta ce in mayar mata da yamma.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, har yanzu a gajiye nake. Hanyar Roni ba ta ragu ba, bayana yana ciwo, wanki yana jirana yanzu haka. Amma ɗana yana ƙoshi, kuma aikina yana hannuna. Na gode wa Yesu.

'Yar'uwa, in kin kai inda ba ki da sauran addu'a mai kyau, ki yi wa Ubangiji marar kyan, yana ji. Mama Saratu, miƙo mini shi, ga shi can ya fara neman abincinsa. Amin.