Ranar da Na Yi Ihun Ɓarawo a Kasuwar Karshi

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Baba Fasto, dattawa, iyayenmu mata, na gode da kuka ba ni wannan fili. Sunana Iliya. Na faɗi sunan ne saboda fiye da wata bakwai rabona da wannan ɗakin sujada, wasu sun manta da fuskata. Ban zo da dariya ba, har yanzu ƙirjina yana zafi. Amma Ubangiji ya fizge ni daga bakin rami, dole in faɗa.

A Gwagwa nake zaune da matata Saratu da 'ya'yanmu uku. Ina aikin dako a wani sito a Idu, kuma shekara shida a kan keke nake zuwa aiki. Keke mai ƙafa biyu nake nufi, baƙi, tsoho. Ƙarfen da ke ƙasan sirdinsa ya taɓa tsagewa, mai walda ya like shi ya bar masa wani ƙulli kamar gwiwar mutum. Ko cikin kekuna dubu aka sa shi, zan gane abina.

Wata Alhamis na tashi daga aiki wajen ƙarfe biyar na yamma. Rana tana sama, 'yan'uwa! Titi cike da motoci! Sai wani babur ya jera da ni, mutum biyu a kai. Na bayan ya ce, "Oga, tayarka ta baya ta sace." Na waiga in duba. Abin da na ji kawai shi ne rodi a ƙeyata.

Na faɗi, amma ban saki keken ba. Wautata ke nan. Na rungume shi, shi kuwa ya yi ta dukan hannuna da rodin har na ji ƙashin ya ce ɓas. Ya hau kekena, ɗayan ya ja babur, suka tafi a hankali kamar masu dawowa daga gona.

Ina kwance a bakin kwalta, jini yana shiga mini ido, ina kallon motoci suna wucewa. Manyan motoci masu baƙin gilashi, ma'aikata sun taso daga ofis. Wani ya rage gudu, na ɗaga hannuna mai lafiya, ashe wayarsa ya zuro yana ɗaukar hotona. Hotona! Wata mota kuma ta wuce da sunan Yesu manne a gilashin bayanta. Na karanta sunan da idona, har ta ɓace. Idan mai wannan motar yana cikinmu yau, ban san ka ba, amma Allah ya san ka.

Kun san wanda ya tsaya? Wani mai rake, Malam Sani, mutumin Jigawa. Ya juye rakensa duka a ƙasa, ya ciccibe ni ya sa a cikin baro, yana turawa yana cewa, "Sannu bawan Allah, kada ka rufe ido, yi mini magana." Asibitin farko da muka je suka ce sai da takardar 'yan sanda. Malam Sani ya ce wa matar da ke bakin ƙofa, "Hajiya, takardar ce za ta tsayar da jinin nan?" Ba ta ko ɗaga kai ba. Sai a na biyu aka karɓe ni, aka yi mini ɗinki a kai, aka ɗaure hannun.

Da na sami ƙarfi na je ofishin 'yan sanda na kai ƙara. Wanda na tarar a kan tebur ya dube ni ya yi murmushi. "Keke? Oga, mota ma ana ɗaukewa a garin nan. Je ka gode wa Allah da ranka." Ko biro bai ɗauka ba.

Daga ranar na daina addu'a. Hannun ya warke a karkace, ba na iya ɗaga buhu, aka mai da ni shara a sito. Na fara tsayawa wurin masu burukutu. Saratu ta kawo mini tuwo wata rana ta ce, "Baban Talatu, mu yi addu'a kafin ka ci." Na yi jifa da kwanon ya bugi bango, yara suka gudu waje. Matar da ta yi wata biyu tana yi mini wanka! Ina jin kunyar faɗa, amma haka na yi.

Na sayi wuƙa, na wasa ta, na soke a ƙugu. Kowace Lahadi, lokacin da kuke nan kuna waƙa, ni ina yawo daga wannan mai gyaran keke zuwa wancan. Ba keken nake nema ba, 'yan'uwa. Mutumin nake nema. Wani mai faci ya ce mini irin waɗannan kekunan ba a sayar da su kusa, can ƙauyuka masu nisa ake kai su. Na fara bin kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya.

A Karshi na gan shi, ranar kasuwa, da hantsi. An jingine shi a jikin rumfar masu doya, an yi masa koren fenti, amma ga ƙullin waldar nan a ƙasan sirdi. Na tsaya ina jira. Sai wani dattijo ya fito, siriri, da furfura, ya fara ɗaura buhu a kan kariyar bayan keken.

Na san ba shi ne ya buge ni ba. Na sani! Wanda ya buge ni saurayi ne ƙaƙƙarfa, wannan kuwa ya haife shi. Amma fushin wata bakwai yana neman inda zai sauka. Na shaƙe wuyan rigarsa, na buɗe baki na ce, "Ɓarawo! Ɓarawo!"

Sau biyu kawai na faɗa. Kun san yadda kasuwa take. Kafin in ƙifta ido mutane sun taru, ba wanda ya tambayi me ya sata. Wani ya kwaɗa masa itace a kai, ya faɗi. Ana shuri, ana jifa. Yana cewa, "Saye na yi! Ɗana, saye na yi!" Ba mai ji. Na ga wani yana gangaro da tsohuwar taya. Na ji wani yana cewa a kawo fetur. Ga kuma wayoyi a sama, ana ɗaukar hoto.

Dattijon ya ɗago kai daga ƙasa, jini yana shiga masa ido, ya ɗaga hannu ɗaya yana neman wanda zai tsaya masa. Ni ya kalla. Wata bakwai ina zagin waɗanda suka bar ni a bakin titi, ga shi ni na fi su, domin su wucewa kawai suka yi, ni kuwa da bakina na kwantar da mutum.

Addu'ata ba ta da tsawo. Na ce, "Yesu, na kashe mutum! Yesu, ka taimake ni!" Ban san daga inda ƙarfin ya zo ba. Na ture mutane, na faɗa a kan dattijon na rufe shi da jikina, ina ihu, "Ba shi ba ne! Ƙarya na yi! Ni ne mai keken, ba shi ba ne!" Sanduna suka sauka a bayana. Wani ya ce, "Ashe tare suke, a haɗa su!" Na ji warin fetur a kusa da kaina.

Sai ga matan rumfar doya sun kutso suna kururuwa, "Baba Auta ne! Ku mahaukata ne? Baba Auta ne!" Suka kewaye mu da jikinsu har sarkin kasuwa ya iso da mutanensa. Taron ya watse kamar ba a yi ba. Kowa ya koma cinikinsa. Mai tayar ma ya ɗauki abarsa ya tafi.

Baba Auta manomi ne. A hannun wani mai gyara ya sayi keken, a gaban shaidu, don ya riƙa kawo doya kasuwa. Da aka je neman mai gyaran, ya rufe rumfa ya gudu. Baba ya yi kwana tara a asibiti. Idonsa na hagu bai dawo ba. Ba zai dawo ba. Ni na jawo masa.

Na je gidansa da Saratu, na durƙusa a tsakar gida, na ciro wuƙar na ajiye a gabansa, na gaya masa komai. 'Ya'yansa suka so su kai ni hukuma, kuma da sun kai ni da ban yi musu ba. Baba ya dube ni da idon da ya rage masa. Sannan ya ce, "Ɗana, ka san ba ni ba ne lokacin da ka yi ihun?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "To, da ka ce ba ka sani ba, da na bar su sun tafi da kai. Tashi. Ban ce zuciyata ta huce ba, amma tashi." Ya sa aka turo mini keken. Na ce ba zan iya taɓa shi ba. Yana can gidansa. Duk Asabar ina zuwa in kama masa aikin gona da hannun da ya rage mini, shi kuma yana zaune a inuwa yana yi mini faɗa cewa ban iya tada kunyar doya ba.

Burukutu na bari. Na roƙi gafarar matata a gaban yara. Amma kada wani ya ce Iliya ya huce, domin ban huce ba! Ina fushi da garin da aka shimfiɗa wa manyan tituna ba a bar wa mai keke ko taku ɗaya ba. Ina fushi da teburin da ake yi wa talaka dariya. Waɗanda suka karya ni suna nan suna yawo, kuma makon jiya ma an kayar da wani lebura a wannan hanyar. Abin da Ubangiji ya cire mini shi ne ƙishin jini. Fushin ya bar mini, ya ce in yi aiki da shi.

Saboda haka ku ji ni. Ku masu keke da ke aiki a Idu, mun fara haɗuwa a bakin ƙofa muna tafiya tare, Kirista da Musulmi, ku zo ku shiga. Idan baƙo ya yi maka magana a kan babur, kada ka waiga. Idan sun kama keken, sake musu! Ku masu mota, idan kun ga mutum a ƙasa, ku tsaya. Kujerarku za ta wanku. Kuma duk wanda ya ji an yi ihun ɓarawo, ya tambaya kafin ya ɗaga hannu, domin mai ihun yana iya zama irina.

Na gode wa Yesu da bai bar ashana ta kama a ranar ba. Da yau ina kurkuku ko kabari, da jinin dattijo a wuyana. Duk wanda ke zaune a nan da wuƙa a ƙugu ko a zuciya, ka kira Yesu tun kafin bakinka ya buɗe, yana ji. Ku sa Baba Auta cikin addu'a, gobe za a sake duba masa idon da ya rage. Yabo ga Ubangiji! Amin.