Bel ɗin da Malam ya ɗaura a ƙarƙashin mota

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hauwa'u daga Damba a Gusau.

Mijina, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara. Ya bar mana motar ɗaukar hatsi da yake zuwa Rawayya da ita. Akwai bel biyu masu kauri da ya ɗaura kusa da tayoyin baya. Ya taɓa nuna mini, ya ce idan taya ta faɗa rami, su ke riƙe shokazoba mai iska kada ta miƙe har ta fashe.

Da ƙaninsa Sani ya karɓi tuƙi, sai ya kwance su yana ɗaure buhunan masara da su. Na yi magana, ya yi dariya ya ce, "Matar Yaya, yaushe kika zama bakanikiya?"

Ranar Talata ya faɗa rami bayan Bungudu, shokazoba biyu suka fashe. Motar da ke ciyar da 'ya'yana huɗu ga ta nan zaune a ƙofar gida.

Don Allah masu sauraro, idan an gyara, in sake ba shi makulli? Bel ɗin dai na karɓe, na wanke, suna ɗakina. Har yanzu akwai ɗinkin da Malam ya yi musu da hannunsa.