Bikin Haƙorina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, maza da mata, manya da yara. Salamar Ubangiji ta zauna a gidajenku.

Ni ce Saratu mai alkaki. Ban taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba. Matar fasto ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗi, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini baki.

Wajen Droum aka haife ni, aure ya kawo ni Damagaram. Shekara arba'in da ɗoriya ina tuyar alkaki. Ƴaƴa uku na haifa, Ubangiji ya karɓi abinsa tun suna goye. Maigida ma ya bi su. Duk da haka ban taɓa miƙa wa ɗan Adam hannu na ce a taimake ni ba. Da wannan nake taƙama, jama'a, kuma shi ne ya kusa kai ni kushewa.

Bara bayan damina haƙori ya tashi mini, na tauna, ƙasa, ɓarin hagu. Na sa kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, na sha ƙwayoyin masu tebur. Ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. Da abin ya ishe ni na ɗaura zanen fita, na hau adaidaita ni kaɗai, na tafi wata kilinik ta haƙora can unguwar manya.

Wuri fes, sanyi kamar cikin randa. Wata yarinya a bayan tebur ta ce, "Inna, kina da asiransi?"

Na ce, "Mene ne shi, ɗiyata?"

"Takarda ce da ma'aikata ke nunawa, a ɗauke musu yawancin kuɗin."

Na ce, "Ni ma ma'aikaciya ce. Tun ba a haife ki ba nake gaban kasko."

Ta yi dariya ta karanto mini. Ganin lokotoro, wato likita, sefa jikka biyar. Hoton haƙori jikka goma. In cirewa za a yi, kuɗinsa daban, magani daban. In kuwa so nake a kashe jijiyar a cike ramin, haƙorin ya zauna, sai na shirya jikka tamanin.

Jikka biyar don mutum ya ce in buɗe baki kawai! Na ce, "To, nawa za ki rage?" Ta ce, "Inna, nan ba kasuwa ba ce." Na lissafa a raina: alkamata da sukari da mai, har da kaskon, ba su kai tamanin ba. Na gyara gyale na fito kamar wadda ta zo gaisuwa.

Yanzu ga inda kunya take, amma zan faɗa. A bakin kasuwa akwai wani mai fid da tsutsar haƙori. Ya ɗora tsingaro a wuta ya yi ja, ya zuba wasu ƴaƴan itace a kai, ya kifa mazurari, ya ce in kafa baki hayaƙin ya shiga. Ga kwano da ruwa a ƙasa. Can sai ga wasu abubuwa farare, sirara, suna yawo a ruwan.

Ya ce, "Ga su nan, Inna. Bakwai. Su ke cin ki."

Na ba shi jikka ɗaya ina ta sa masa albarka. Sau uku na koma. A na ukun ya ce uwar tsutsar ce ta maƙale, ya ba ni laya in ɗaura a wuya. Na karɓa! Ni da ke zama bencin gaba ran Lahadi, na ɗaura laya a ƙarƙashin riga. Ubangiji ya gafarta mini.

Kunci ya kumbura har ya fara rufe ido. Na naɗe fuska da gyale, wanda ya tambaya in ce mura ce. Lahadi biyu ban zo sujada ba. Zazzaɓi ya shigo, baki ya ƙi buɗuwa sai kamar yatsa guda, koko ma da ƙyar yake wucewa. Murhuna ya mutu. Addu'a ina yi, amma kun san me nake roƙo? "Ubangiji, ka warkar da ni kada kowa ya sani."

Wata safiya maƙwabciyata Hajiya Mariama ta shigo, za ta ba ni aikin alkakin auren ɗiyarta. Shekara talatin katanga ɗaya ta raba mu, tana sallarta ina sujadata. Ta dube ni, ta sa hannu ta fizge gyalen.

"Innalillahi! Saratu, mutuwa za ki yi a ɓoye kamar kyanwa? Mutanen majami'arku sun sani?"

Na ce ta cikin haƙora, "Kada ki faɗa musu."

Ta ce, "Ban yi miki alkawari ba," ta ja takalmanta.

Da ta fita na rarrafa na durƙusa gaban murhu, rana tsaka. Na ce, "Yesu, na gaji. Na ce ka taimake ni, amma na gindaya maka sharaɗi kamar ni na aike ka. Na tuba. Ka cece ni ta hanyar da ka ga dama, ko ta hannun mutane ce, ko gari duka zai ji." Na tsinke layar, na hura wuta don ita kaɗai, na jefa ta ciki. Ciwon bai ragu ba ko kaɗan. Amma wani dutse da ke ƙirjina ya sauka.

Washegari da la'asar sai na ji guɗa a ƙofar gida. Na ce, wa ya haihu? Sai ga Rifkatu, shugabar zumuntar mata, da tabarma a hammata da faifai a hannu. Bayanta matan majami'a, bayansu Hajiya Mariama da matan unguwa, har da masu kiɗan ƙwarya.

Rifkatu ta ce, "Inna, biki muka zo."

"Bikin wa?"

"Na haƙorinki."

Kun san al'adarmu ta mata. Ranar sunan ɗanki ko auren ɗiyarki in kai miki biki, ranar tawa hidimar ki maido mini har da ƙari. To ni shekara arba'in ina kai wa mutane, tun da na rasa ƴaƴana tawa ranar ba ta sake zuwa ba. Ba ɗan da zan aurar, ba jikan da za a raɗa wa suna. Na daɗe da cire rai.

Aka shimfiɗa tabarma aka aje faifai. Rifkatu ta fara: "Auren Hannatu tawa kin kawo mini jikka biyu da tasa cike da alkaki. Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranarki, abin yana mini nauyi. Ga naki." Ta aje. Wata ta ce, "Sunan tagwayena." Ta aje. Hajiya ta ce, "Ni sau biyar kika zo mini, tsohuwar banza mai taurin kai," ta aje nata tana share ido. Wata tsohuwa da ta koma Dakusa, da ta ji labari, zabi biyu ta aiko a kwando, suna ta kuka a tsakar gida.

Jama'a, ban yi karatu ba, amma na san abin da na kai wa kowace mace, ko dala ba ta ɓace mini ba. Abin da ke kan faifan nan ya wuce biki da ƙarinsa nesa. Na gane dabara suka yi mini don kada in ce sadaka ce. Da Saratu ta da ce, sai ta ware nata ta maida sauran. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna abin da na faɗa wa Yesu gaban murhu. Sai na miƙa hannu biyu na karɓa. Halleluya! Wannan ce warkarwa ta fari.

Da safe Rifkatu da Hajiya suka sa ni tsakiya muka koma kilinik ɗin nan. Lokotoro ya leƙa ya girgiza kai. Ya ce mugunya ta taru, ta kama hanyar maƙogwaro, da na ƙara mako guda da wata maganar ake yi. Na ba shi labarin tsutsa bakwai. Ya ce, "Inna, ƙwayar ƴaƴan itacen ce ke fashewa in ta ji zafi, ta fito kamar tsutsa. Ko bakin jariri aka kafa za su fito." Hajiya ta yi dariya har ta riƙe bango.

Aka tsaga aka fid da mugunyar, aka yi mini allurai, na sha magani kwana biyar. Da kumburi ya saɓe aka cire haƙora biyu, don na kusa da shi ma ya kamu. Ya ce da tun farko na tsaya, da ɗaya ne, kuma da kuɗin bai kai rabin haka ba. Faifan nan ya biya duka, har da adaidaita. Zabin kuwa, farfesunsu na fara ci da baki ya buɗe.

Ga ni gabanku yau, ido biyu a buɗe, kunci ya koma daidai, murhu yana ci. Na gode wa Yesu da ya raya ni. Na gode masa da ya ba tsohuwar da ba ta da ɗa ranar biki, da guɗa da kiɗa a ƙofar gidanta. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa!

Ƴan'uwa, kuɗin likita yana da nauyi, na sani, na ɗanɗana. Amma kada ku naɗe ciwo a gyale. Ku dogara ga Ubangiji, ku faɗa masa, kuma in ya aiko mutane kada ku rufe musu ƙofa.

Yanzu ku tashi mu raira masa waƙa. Ni zan bayar, ku amsa. In kun ji iska na fita ta giɓin, ku ci gaba da amshi, Shi yana gane abin da nake faɗi. Amin!