An Ce In Ce Taifod Ne

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana na Zumuntar Mata.

Da damina abin ya fara, shekarar kuwa ta yi mini nauyi kamar ba za ta ƙare ba. Likitoci suka ce sankarar mama ce. Aka yi mini aiki, aka cire nono ɗaya, gashina ya zube. Na yi ta zuwa asibiti har ran da likita ya ce, "Mama, yanzu ba mu ga komai ba." Ubangiji ya tashe ni!

Amma an hana ni faɗa. 'Yata Saratu tana da mai nema, Ishaya, iyayensa a unguwar Muchia suke, can Sabon Gari. Yayar maigidana, Goggo Rifkatu, ta zaunar da ni. "Ki ce taifod ne. In suka ji, za su ce ciwon gado ne, su fasa." Na ce to. Ni dama ba mai yawan magana ba ce. Ko a coci aka ce masu shaida su fito, sai in sunkuyar da kai.

Sai ɗalibai suka zo unguwarmu a Samaru, suna neman waɗanda suka warke su shiga tattaki zuwa Sabon Gari, a tara gudummawa don binciken ciwon, mata kuma su daina ɓoyewa. Ta gaban shagon uwar Ishaya za a bi.

Na durƙusa a ɗaki na ce, "Uba, Kai Ka warkar da ni, ni kuma in yi ta ƙarya a kan aikinKa?" Kuka ya ƙwace mini. Da na miƙe, tsoron ya tafi.

Ran tattaki na sa rigar da ɗaliban suka ba ni, sai Goggo ta tare ƙofa. "Maman Saratu, auren 'yarki za ki kashe?" Sai ga Saratu da riga irin tawa. "Goggo, in don wannan zai fasa, ya fasa yau."

Muka kama hanya. Ƙafafuna suka kumbura, masu keke napep suna ta cewa, "Mama, hau kyauta!" Na ce a'a. Uwar Ishaya tana bakin shago. Ta karanta abin da ke jikin rigata: NA WARKE. Na gaishe ta, ba ta amsa ba.

Duk da haka na gode wa Yesu! 'Yan'uwa, ku dogara gare Shi, ku je asibiti da wuri, kada wani ya rufe muku baki.

Washegarin tattakin da safe ban jira aike ba. Na yi wanka, na tafi Muchia, na yi sallama a gidan iyayen Ishaya. Na ce, "Na zo ne ku ji daga bakina."