Iskar da Ba Ta Karɓar Buhu

A bencin wani asibiti a Talata Mafara, Ɗanasabe, tsohon manomin shinkafa daga Bakura, yana jiran likita saboda jiri. Wani baƙo mai farar shadda ya riga likitan fara aiki.

"Baba, jini ne ba ya isa ƙwaƙwalwarka. Akwai wata iska da jiki ke yi, naitirik okusaid. Duk sashen kai da ke aiki, ita ke buɗe masa jijiya jini ya kwarara."

"Ikon Allah! Ba ta jiran a kai mata buhun cin hanci?"

"Haba Baba, mai buƙata take ba."

"To a ɗauke ta aiki a magudanar ruwanmu. Shinkafata na can tana ƙonewa, mai buɗe ruwa gonakin manya kawai ya sani."

Mai shadda ya gyara hula. "Sharri ne! Kullum da safe ni da kaina nake..." Sai ya toshe baki da hannu.

Ɗanasabe ya dube shi daga hula har takalmi.

"Ashe kai ne! Ina ta jiran likita, ga ciwona zaune cikin shadda. Tashi, ɗana, mu je ka buɗe."