Saƙon Koci Odessa

Ranar da wata jami'a a Tennessee ta sa wa filin ƙwallon kwandon mata sunan marigayiya Koci Odessa, tsohuwar 'yar wasanta Darlene, wadda ita kaɗai ta rage a raye cikin 'yan ƙungiyarsu, na kan layin shiga, sai wata ɗaliba ta nuna mata hoton marigayiyar da ke bango.

"Anti, ai wannan ce ke gyara mini jifa kullum da safe."

"Haba 'yata, ta rasu tun ba a haife ki ba."

"Mai ɗingishi, da jan usur a wuya?"

Darlene ta juyo ta dube ta. "Wa ya ba ki labarinta?"

"Ba kowa. Au, ke ce Darlene? Ta ce sauran 'yan ƙungiyarku duk sun iso atisaye, ke kaɗai ake jira."